Fulogi na Uku

Na ga saƙonninku, masu bibiyar labarin nan. Na ga wadda ta rubuta, "Wallahi yarinyar nan dutse ne a ƙirjinta." Na ga wanda ya ce in ba na son mutumin in sakar musu shi, shi mai saƙon yana da ƙanwa zaune a gida. Ban ji haushin kowa ba. Da ma a ce na ji, da na gode wa Allah.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: mu biyu ne a gidanmu, daga Yaya sai ni. Babana mai gyaran wutar mota ne, duk unguwar nan in mota ta ƙi tashi shi ake nema. A daminar bara ya faɗi a bakin aikinsa da sifana a hannu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Tun ranar na ajiye aikin koyarwa na zama direbansa, mai juya shi a gado, mai ba shi abinci a baki. Ban yi kuka a asibiti ba, ban yi a gida ba. Mutane suka yi ta yabon tawakkalina. Ni dai na san ba tawakkali ba ne. Kun san ƙafar da aka daɗe zaune a kanta? To haka nake, tun daga kai har ƙasa.

Sai kuma shi. A gida Mai Magani ake ce masa, don a ɗakin ba da magani na asibitin da ake yi wa Baba gashin ƙashi yake aiki. A wayata kuwa "Taga ta Biyu" na ajiye shi, a nan na fara ganinsa, kuma har yau ban canza ba. Manyansa sun zo sun gaishe da Baba, sun ce suna sauraron amsa. Amsar ce ta ƙi fitowa daga bakina.

To, ranar da zan ba ku labari an kwana ana ruwa. Da gari ya waye na ɗora hijabi a kan rigar barci, na zura silifas ɗin Umma, na fita rumfar da muke ajiye mota don in ɗumama ta, kamar yadda Baba ya saba. Motar ta girme ni. Ruwan toka ce, Umma ce ta ɗinka wa kujerunta riguna da ragowar labule, ƙofar baya kuma sai ka ɗan ɗaga ta sannan ta rufu. Na murza mukulli. Ta tashi, amma ba tashin lafiya ba. Sitiyari yana rawa a hannuna, madubi yana kakkarwa, injin yana ɗingishi kamar mai ƙaya a ƙafa. Na taka totur, ta yi tari, salansa ta yi "fat! fat!" warin ɗanyen fetur ya cika rumfar.

Na kashe ta, na zauna ina kallon ruwan da ke ɗiga daga kwanon rufi. Wayata ta yi ƙara.

*Taga ta Biyu: Malama, barka da asuba. Yaya jikin Baba? Ruwan jiya bai dame shi ba dai ko?*

Na karanta. Na kife wayar a kan kujera.

Ko da na koma ciki na tarar Yaya ya zo, abin da ba ya yi da safe sai dai ranar hutu. Yana tsaye a falo cikin farin yadi mai guga, yana juya mukullin shagonsa a yatsa. Gwaggo ma ta iso, yayar Baba, ta baje a doguwar kujera da mayafinta mai duwatsu da jakarta da ba ta rabuwa da ita ko banɗaki za ta.

"Me na ji motar nan tana yi?" in ji Yaya.

"Ɗingishi take."

"Yau ɗin nan? Kai! Bari in kira bakanike ya zo yanzu."

Sai muka ji "ƙwas! ƙwas! ƙwas!" Baba ne daga kan kekensa na marasa lafiya, yana dukan hannun keken da zoben hannunsa na hagu. Idonsa a kan Yaya, jajir.

Gwaggo ta ce, "Ka ji ko? Ƙanen nawa da ransa ka ce za ka kawo wani ya taɓa masa amarya? Ai ko uwarku ba ta kai motar nan gata ba."

Umma tana kicin, ta ci gaba da wanke-wankenta.

Baba ya ɗaga yatsa ya nuna ni, sannan ya nuna ƙofa.

"Ni, Baba?"

Ya gyaɗa kai.

Kada ku ɗauka wata gwana ce ni. Abin da na sani shi ne abin da yaro yake tsinta in ya girma yana miƙo sifana. Yaya tun yana ƙarami ba ya son baƙin mai a hannunsa, ni kuwa in an taso makaranta can nake zuwa in zauna a kan tsohuwar taya. Na san sunayen abubuwa. Ban taɓa gyara komai ni kaɗai ba.

Na shiga ɗaki na sa tsohuwar rigar aikin Baba a kan doguwar rigata, na naɗe hannuwan, na ɗaure kaina da ɗankwali tamau. Har yanzu rigar tana warin gareji, duk wankin da ta sha. Na tura kekensa zuwa rumfa, na gyara masa bargo a cinya, na buɗe bonet. Gwaggo ta jawo kujerar roba ta biyo mu da kofin shayinta, wai ta zo shan iska. Na san iskar da ta zo sha.

Baba ya yi alamar murza mukulli. Na tayar. Ya rufe ido, ya karkata kai yana saurare. Na daɗe ban ga fuskarsa haka ba, fuskar mutumin da ake tambayarsa abu. Ya buɗe ido, ya nuna wayoyi huɗun nan masu kauri da ke tashi daga distiribita, wato kwanon da ke raba wa fulogai wuta, kowace ta tafi kan fuloginta. Ya nuna filaya mai hannun roba. Ya ɗaga yatsa ɗaya.

Na gane. Na kama wayar fulogi na farko da filaya na zare. Injin ya ƙara rikicewa, kamar zai mutu. Na mayar. Baba ya gyaɗa kai, wannan yana aiki ke nan, tun da an ji rashinsa. Na biyu ma haka.

"'Yar nan," in ji Gwaggo, tana ɗaga murya sama da ƙarar injin, "jiya uwar yaron nan ta tare ni a gidan suna. Na rasa inda zan sa fuskata."

"To, Gwaggo."

"To me? To ɗin nan taki ta ishe ni. Mutum ga aiki, ga hankali, ga kunya. In ya zo gaishe da ubanki har ƙasa yake durƙusawa da farin wandonsa. Me kike nema, wanda zai sauko daga sama?"

Na zare waya ta uku. Babu abin da ya canza. Yadda injin yake ɗingishi da ita, haka yake ba ita. Na mayar, na sake zarewa. Shiru kake ji.

Baba ya daki hannun keke, ya ɗaga yatsu uku.

"Na uku ne, Baba. Ba ya ci."

Na gwada na huɗu don cika aiki, lafiyarsa ƙalau. Na kashe mota, na ɗauko sifanar fulogi na kwance na ukun. Ya fito baƙi ƙirin, a jiƙe. Na kai wa Baba, ya shinshina, ya miƙo min in shinshina. Fetur. Mai yana zuwa ke nan, wutar da za ta ƙona shi ce ba ta isowa.

"A sayo sabo?" in ji Yaya, wanda ya leƙo da waya a kunne. "In fulogi ne ai yanzu sai in aika."

Baba ya girgiza kai. Ya nuna fulogin da ke hannuna, ya nuna ramin na farko, ya juya yatsunsa biyu. Sai na tuna abin da yake yawan faɗa wa masu kawo masa mota suna gaggawa: kada ka yanke wa fulogi hukunci sai ka sauya masa ɗaki. Na goge na ukun da tsumma, na ɗaura shi a gurbin na farko, na farkon na kai shi gurbi na uku. In fulogin ne mai laifi, ciwon zai bi shi.

Wayata ta sake ƙara a aljihun rigar. Na duba da bayan yatsa don kada in ɓata gilashin.

*Taga ta Biyu: Na ji an ce Gwaggo za ta zo yau. Don Allah kada ki ɗauka ni na turo ta. Ba na gaggawa.*

Kun ga irin saƙon da ya kamata ya motsa mace ko? Na karanta shi kamar yadda nake karanta takardar kuɗin wuta.

Na tayar da mota. Ɗingishin yana nan. Na zare wayar farko, injin ya rikice. Na zare ta uku, ko gezau. Ciwon bai bi fulogi ba, yana nan a ɗakinsa. Saura waya, ko kuma murfin distiribita.

"Kina jina kuwa?" in ji Gwaggo.

"Ina ji."

"Shekaru ba sa jira. Jinya ba ta ƙarewa yau ko gobe. So kike ki tsufa a rumfar nan da rigar ubanki?"

Ina mayar da wayar ne na ga ta ɗan karkace, ta jingina da wani ƙarfe a gefen injin. Ban yi tunani ba, na ajiye filaya na sa hannu in gyara mata zama.

Wayyo! Wani abu ya fizge ni tun daga yatsa har gwiwar hannu, kamar an maka min sanda a jijiya. Na yi baya na buge da bonet, ɗankwalina ya zame. Gwaggo ta yi salati, shayi ya zube mata a mayafi.

Sai na ji wani sauti da ban ji ba tun bara. Baba ne yake dariya. Da rabin baki, kafaɗarsa ɗaya tana rawa, yawu yana zubo masa, amma dariya ce. Yana nuna ni, yana nuna wayar, yana dukan keke.

"Au, dariya ma kake?" in ji Gwaggo tana goge mayafi. "'Yarka ta kusa sheƙawa lahira kana dariya. Duk gidan nan babu mai hankali sai ni."

Na tsaya ina murza hannuna. Zafin ya ɗan jima, na yi ta sauraronsa har ya tafi.

Da na kashe mota na ciro wayar gaba ɗaya, sai ga ciwon a fili. Daidai inda take gogar ƙarfen nan robarta ta cinye, ta tsage, gefen tsagar ya yi fari-fari kamar toka. Ta nan wutar take tsallakewa ta bi jikin injin, ba ta kai ga fulogi ba. Da rani tana ɗan lallaɓawa, da danshin ruwan jiya ya shiga sai ta daina ɓoyewa. Baba ya sa na ɓalle murfin distiribita ma. Cikinsa ya yi raɓa, amma ya ɗaga shi a haske ya jujjuya, babu tsaga. Na goge shi tas da busasshen tsumma na mayar.

Ya nuna akwatin ƙarfensa da ke ƙarƙashin tebur. A ciki, ƙarƙashin tarkacen fis da ƙusoshi, akwai wayoyin fulogi naɗe a leda. Na auna da tsohuwar na zaɓi mai tsayinta, na danna kowane baki har sai da na ji ya kama, na bi da ita nesa da ƙarfen.

Na murza mukulli.

Ta tashi sumul. Sitiyari ya tsaya cak, madubi ya daina rawa. Na taka totur, ta amsa ba tari ba atishawa. Baba ya rufe ido, ya kwantar da kai a bayan keke. Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Na sa gefen hannun riga na share masa, na bar masa baƙin mai a kunci.

"Malama," in ji Yaya daga bakin ƙofa. "Zo mana, minti ɗaya."

Na bi shi kicin. Umma tana tsaye ta ba mu baya, tana wanke kofin da na tabbata ta riga ta wanke.

"Sannu da aiki," ya ce. "Wallahi kin fitar da ni kunya. Bayan la'asar mai sayenta zai zo, wani mai koyar da tuƙi. Da ya tarar da ita tana wannan tarin, da cinikin ya lalace."

"Mai sayen wa?"

"Motar."

Na dubi hannuwana. Baƙin mai ya shiga har ƙarƙashin farce.

"Baba ya sani?"

"Za a faɗa masa a hankali." Ya sauke murya. "Ki fahimce ni. Likita ya ce ba zai sake tuƙi ba. Ke kuma aure za ki yi. In kin tare, Baba da Umma za su dawo wurina, na riga na gyara musu ɗakin ƙasa, har ƙofar banɗaki na faɗaɗa saboda keke. Can babu wurin ajiye mota biyu."

"Ai ban ce na amince ba."

"Ba ki ce ba ki amince ba."

Gaskiyarsa. Yaya ba mugu ba ne, kada ku fara zaginsa a ƙasan labarin nan. Idonsa ya faɗa, shi ma bai huta ba tun bara.

"Umma, da saninki?"

Ba ta juyo ba. "Ki yi abin da yayanki ya ce."

Na jira in ji wani abu ya taso min, fushi ko kuka. Babu. Abin da kawai ya tsaya min a rai shi ne mutumin da ke rumfa da baƙin mai a kunci. Da kunnensa da yatsunsa ya gyara motar da za a raba shi da ita kafin magariba, kuma da hannuna aka yi.

"To," na ce. "Amma ba a cewa mota ta gyaru sai ta hau titi. Bari in zagaya da ita."

"Kada ki daɗe."

Na wanke hannu sama-sama, na cire rigar aikin, na zura baƙar abaya da mayafi ruwan ƙasa. Ko hoda ban shafa ba. Na rungumo Baba na sa shi a gaba, na ɗaura masa bel, na naɗe keken na jefa a but. Gwaggo tana ta tambayar ina za mu, na ce nan kusa.

Ban shirya inda za ni ba, Allah ne shaida. Hannuna ne ya bi hanyar da ya saba. Baba ya sa na sauke masa gilashi, iska tana kaɗa masa hula, yana sauraron injin a kowane canjin giya. A hawan gada ya ɗaga min babban yatsa. Sai ga mu a ƙofar asibiti, ranar da ba ranar gashi ba.

Na faka a inuwa, na ce wa Baba yanzu zan dawo. Na shiga layin taga ta biyu kamar kowa, bayan wata mai goyo da wani tsoho mai tari. Da layi ya zo kaina yana duƙe yana rubutu a jikin kwalin magani, farar rigarsa da biro biyu a aljihu.

"Takardarki," ya ce, bai ɗago ba.

"Ba ni da takarda."

Ya ɗago. Ya dubi fuskata, ya dubi farcena.

"Malama! Lafiya? Jikin Baba ne?"

"Yana mota, lafiyarsa lau. Tambaya na zo yi."

Ya yi wa abokin aikinsa magana, ya zagayo ta ƙofar gefe. Muka tsaya a baranda kusa da tulin kujerun da suka karye, ya bar tazara tsakaninmu kamar kullum.

"Ka ce ba ka gaggawa," na ce.

"Ba na yi."

"To wa yake yi? An gyara wa iyayena ɗaki a gidan Yaya. Yau za a sayar da motar Baba. Kowa ya gama shiri a kan amsar da ban bayar ba. Kuma gara in faɗa maka gaskiya, ba ƙinka nake ba. Ba na jin komai ne. Ba kai kaɗai ba, kowa."

"Na sani," ya ce. "Tun ranar da kika fara zuwa tagar nan na gani. Ban zo don ki biya ni da wani abu ba."

"To ka ce musu su dakata."

Ya cire gilashinsa ya goge da gefen riga, ya mayar. Mutumin da bai taɓa kauce wa idona ba, yau ga shi yana kallon tayil.

"Na faɗa musu. Ba daga wurina gaggawar take ba, ba kuma daga Yaya ba."

"Daga wa?"

"Akwai abin da aikina bai ba ni damar faɗa ba, Malama. Ko ke ce. Na roƙa a faɗa miki tun tuni, aka ce in bari." Ya ɗago ya dube ni. "Ki je gida ki zauna da Umma. Ki tambaye ta inda take zuwa ran Laraba, in kin kai Baba gashi."

"Kasuwa take zuwa."

Ya waiga ya dubi tagar maganin da ya baro.

Na juya na kama hanyar fita. Ina jin takalmina yana taɓa ƙasa, amma kamar ƙafar wata ce. Na wuce masu jiran likita, na wuce mai shara, na hango motar a inuwa da hular Baba ta gilashi. Sai waya ta yi ƙara a hannuna. Na ɗauka Yaya ne zai ce na daɗe.

Umma ce.

"Kina asibiti ko?"

"E, Umma."

"Na sani, tun da na ga kin ɗauki mayafi." Na ji ta ja numfashi. "Ya faɗa miki?"

"Bai faɗa ba."

"Ɗan halak. Na sa an kira mai sayen motar, na ce ya bari sai wani satin. Ki tuƙo a hankali. In kun iso, ki bar Babanki a rumfa wurin Gwaggonki, ki shigo ɗakina ke kaɗai, akwai takardun likitana da zan nuna miki. Ki rufo ƙofa."